Babi Na Shida: Yaushin Ganyen Yuka Da Maganinsa

Daga cikin shuke-shuken ƙawa da suka shigo gidajenmu tare da ginin siminti da falo da kujerun kushin, akwai wata wadda duk wanda ya saba shiga ofisoshi da otal-otal da gidajen ma'aikata a Jimeta da Yola ya san kamanninta, ko da bai taɓa tambayar sunanta ba. Guntun kututture ne miƙaƙƙe, mai fata toka-toka, wanda kaurinsa bai wuce a kama shi da hannu biyu ba, a can bisa kansa kuwa akwai tuntu biyu ko uku na dogayen ganyaye masu siffar takobi, kowanne ya miƙe ya nufi sama. Sunanta yuka. Mutane suna sayenta ne saboda an shaide ta da ƙarfin hali, an ce ba ta da wuyar riƙo, wannan kuwa gaskiya ce ba ƙari. Amma duk da haka kukan da ake kawowa a kanta kusan guda ɗaya ne ko'ina, daga Karewa har Wuro Hausa: mai ita ya ce ga shi kullum yana ba ta ruwa, bai taɓa yi mata fashi ba, amma ganyenta sai yaushi yake yi yana langaɓewa, har tuntun da ya saba tsayawa ƙyam ya koma yana reto a jikin kututture. A cikin wannan kuka, in an duba da kyau, ga cutar nan a bayyane, domin ruwan da ba a yi wa fashi ba shi ne ya fi kowane abu kashe yuka a cikin ɗaki.

Tun da yake ba a iya riƙon baƙo bisa adalci sai an san inda ya fito da abin da ya saba da shi, ya kamata mu fara da asalinta. Yuka dangi ce babba, jinsinta ya haura 40, dukkansu kuwa 'yan asalin nahiyar Amurka ne, wasu ma mazauninsu hamada ce sosai, inda shekara takan ƙare ba a yi ruwan da ya taka kara ya karya ba. Wadda aka fi sa wa a cikin ɗaki, wadda masana ilmin tsirrai suke kira Yucca gigantea, ta fito ne daga kudancin Meziko da Gwatamala da ƙasashen da ke maƙwabtaka da su. A can itaciya ce sosai, tsawonta yakan kai mita 8 ko ya fi, gindin tsohuwarta ya kumbura ya yi faɗi. Manoma suna dasa ta shinge, suna kuma jera ta a gonakin kofi na kan gangare don ta riƙe ƙasa kada zaizaya ta kwashe. Fararen furanninta kuwa abinci ne, ana dafa su da ƙwai, har ƙasar El Salbado ta zaɓi wannan fure ya zama furen ƙasarta. Abin da za mu tsinta a nan shi ne, halitta ce ta sarari da rana, ta saba da ƙasar da ruwa yake ratsa ta ya wuce, kuma Allah Ya hore mata kututture da take ajiye ruwa a cikinsa saboda ranar fari.

Yadda take zuwa hannunmu ma abin lura ne. Manoman Amurka ta Tsakiya sukan sassare kututturenta gunduwa-gunduwa, a toshe kan kowace gunduwa da kaki don kada ta bushe, a yi lodinsu a jirgin ruwa zuwa ƙasashe irin su Holan, a kafa su a tukwane har su yi saiwa su yi toho, sa'an nan a watsa su kasuwannin duniya. Masu lambun dashe na ƙasarmu su ma ta hanyar sara da kafawa suke yawaita ta, ba ta hanyar iri ba. Dalili kuwa akwai aya a cikinsa ga mai tafakkuri: a ƙasarta ta asali akwai wani ɗan ƙaramin farin malam-buɗe-littafi na dare wanda shi ne yake yi mata barbara, macen takan tattara garin fure ta dunƙula shi, ta tashi zuwa wani furen ta saka ƙwanta a cikinsa, sa'an nan ta cusa wannan dunƙule a bakin furen, tsutsotsinta su ci wani kashi na irin su bar saura. Wani masanin ƙwari mai suna Charles Riley ne ya bayyana wannan al'amari a Amurka a shekarar 1872. Da yake wannan ƙwaro ba ya nahiyarmu, da wuya yuka ta ɗaura 'ya'ya a nan ko da ta yi fure. Amma itaciyar da za a sare ta, a ɗaure ta makonni a cikin jirgi ba ƙasa ba ruwa, ta sauka ta yi toho, lalle ba ƙishirwar kwana goma ce za ta kashe ta ba.

Yanzu sai mu zo ga ainihin mas'alar, watau me ya sa ganye yake tsayawa, me kuma ya sa yake langaɓewa. Ban da zaren da ke cikinsa, abin da yake tsayar da ganye ruwa ne, wanda ya cika wasu ƙananan ɗakuna da ke jikinsa, waɗanda ido ba ya ganinsu sai da madubin ƙara girma. Muddin suna cike sun tokare juna, ganye yana miƙe, da zarar sun rage kuwa sai ya saki. Saboda haka yaushi alama ce ta cewa ruwa bai isa ganye ba. Amma rashin isarsa yana da sababi biyu waɗanda suke kishiyoyin juna. Na farko, ƙasar tukunya ta bushe ƙayau, saiwa ta nema ba ta samu ba. Na biyu, ruwa ya yi yawa ƙwarai, har saiwar da za ta ɗauke shi ta mutu. Mutane da yawa ba su san saiwa tana numfashi ba, alhali kuwa tana yi, tana shaƙar iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa; idan ruwa ya cike waɗannan kafofi ya kwanta kwana da kwanaki, sai iska ta yanke, ƙananan saiwoyi su shaƙe su mutu, ƙwayoyin cuta dangin fumfuna waɗanda suke son laima su far musu su ruɓar da su. Sa'an nan sai a wayi gari itaciya tana tsaye cikin ruwa tsundum amma ganyenta yana jin ƙishirwa, mai ita kuma, don tausayi, ya ga yaushi ya ƙara kwarara mata wani ruwan.

Malamanmu na fiƙihu ba sa yanke hukunci a kan zahirin magana sai sun nemi dalili, haka kuma ya wajaba ga mai riƙon shuka: kada ya ɗauki buta sai ya bincika. Binciken kuwa ba shi da wuya. Ya samo busasshen tsinke mai ɗan kauri, ya soka shi a gefen tukunya har ya taɓa ƙasanta, ya bar shi ɗan lokaci, sa'an nan ya zare. In ya fito a bushe, ba abin da ya manne masa, tukunyar kuma ta yi sakayau in an ɗaga ta, ƙasar ta ja baya daga jikinta, bakin ganyen ya yi ruwan ƙasa yana karyewa, to ƙishirwa ce, maganinta kuwa a shayar da ita sosai, sannu a hankali, har ruwa ya fito ta ƙasa; cikin kwana biyu ko uku za a ga ganye ya fara ɗagowa. In kuwa tsinken ya fito da danshi da baƙar laka, ganyen ya yi laushi yana komawa rawaya, gansakuka ta kama bakin tukunya, in an sunkuya an shaƙa a ji wani tsami-tsami yana tasowa, to ruwa ba ya tsami banza, ruɓa ta shiga. Sai ya matsa gindin kututturen da babban yatsa, daidai inda ya shiga ƙasa. Lafiyayye yana da tauri, ba ya lotsawa; wanda ya kamu kuwa za a ji ya yi taushi, wani lokaci fatar ta saɓule.

Kafin a tayar da hankali, akwai yaushin da ba cuta ba ne. Ɗabi'ar yuka ce ganyenta na can ƙasa, waɗanda suka tsufa, su sunkuya su yi rawaya su bushe ɗaya bayan ɗaya, yayin da sababbi suke fitowa daga tsakiyar tuntu. Ta haka ne kututture yake ƙara tsawo. Muddin ganyen tsakiya yana miƙe, kore shar, babu komai, sai a ja busassun ƙasa a cire. Haka nan wadda aka sayo jiya ko aka sake mata tukunya takan yi yaushi na mako ɗaya ko biyu kafin ta saba, ba ta bukatar komai sai a ƙyale ta.

A nan Yola babban abin da yake jawo ruɓa ba yawan ban ruwa kaɗai ba ne, har da irin ƙasar da ake cika tukunya da ita. Garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841 yana zaune ne a kan tudu, fadama tana gefensa, Jimeta kuwa tana bakin kogin Binuwai, saboda haka ƙasa iri biyu ce a hannunmu: ga yashin kogi, ga kuma baƙar laka ta fadama irin ta wajen Njuwa da Gerio. Mutum yakan ga baƙar ƙasar nan ya ce ai ita ce mai ƙarfi, ya aika yaro da buhu a ɗebo masa. Ƙarfi kam tana da shi, amma a tuna da abin da manoman masakwa suka sani tun kaka da kakanni: sukan jira ruwa ya janye a ƙarshen damina, su huda ƙasa su dasa dawar, su ɗan zuba ruwa a ramin, shi ke nan, ba wani ruwan sama da za ta ƙara gani har a girbe ta cikin hunturu, domin lakar ta riƙe danshin da zai ishe ta watanni. To ƙasar da take iya shayar da dawa tun daga kaka har girbi a ƙarƙashin ranar Adamawa, ina ga an ƙunshe ta a tukunyar roba, a cikin inuwar falo, ana kuma ƙara mata ruwa kowace safiya? Abin da ya zama albarka ga masakwa shi ne ajalin yuka. Malaman noma na Andalus sun ba wannan babi muhimmanci ƙwarai. Ibn Bassal, wanda ya yi zamani a ƙarni na 11, ya kasa ƙasar noma gida goma, Ibnul Awwam na Ishbiliya kuma, a ƙarni na 12, da bayanin ƙasa ya buɗe littafinsa Kitabul Filaha. Ba su taɓa ganin yuka ba, domin sun riga shekarar 1492, wadda Turawa suka isa nahiyar Amurka a cikinta, da ɗaruruwan shekaru, amma ƙa'idarsu ta a san ƙasa kafin a san shuka tana nan daram.

Haɗin da na fi yarda da shi shi ne a ɗauki yashi mai tsakuwa-tsakuwa, irin wanda magina suke zuba kankare da shi, kashi biyu, ƙasar jigawa kashi ɗaya, sa'an nan tsohon taki wanda ya ruɓe ya koma gari, ba ya wari ba ya zafi, ɗan kaɗan, a ƙara da ɓarɓashin gawayi in an samu. Rairayi mai laushi ba ya yi, domin yakan danƙare ya toshe kafofi. Gwajinsa kuwa, a jiƙa haɗin a damƙa a tafin hannu, in an buɗe ya warwatse to ya yi, in ya zauna dunƙule to laka ta yi yawa. Tukunya kuma dole ne ta kasance da huji a gindi, ba ɗaya ƙarami ba, wanda yatsa zai shiga, a kifa ɓallin kasko a kansa don kada ƙasa ta zube. Tukunyar ƙasa ta maginanmu ta fi ta roba nesa ba kusa ba, saboda dalilin da ya sa randa take sanyaya ruwa: jikinta yana tsatsafowa, iska tana shiga, ƙasar ciki tana bushewa da wuri. Kada kuma a yi ɗokin babbar tukunya, domin ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba ita ce take daɗewa da laima. Farantin da ake sa wa a ƙarƙashi a riƙa zubar da ruwansa bayan an shayar. Barinsa yana ruɓar da saiwa, yana kuma zama matattarar sauro a cikin ɗakin da mutane suke kwana.

Sababi na gaba, wanda ba ya rabuwa da yawan ruwa, shi ne ƙarancin haske. A shiga ɗakin jira na wani ofis a Jimeta a duba: tagogi an rufe su da labule mai kauri saboda zafi, gilashin ma mai duhu ne, na'urar sanyaya ɗaki tana busa, yuka tana can kusurwa bayan kujera inda hasken rana bai taɓa sauka ba, masinja kuwa, bisa amana da son aikinsa, kowace safiya in ya gama shara sai ya juye mata ragowar ruwan bokiti, wani lokaci har da guntun shayin jiya. Sabon ganyen da take fitarwa siriri ne, dogo, koren ya koɗe, ba ya iya ɗaukar nauyin kansa sai ya lanƙwashe, duk tuntun kuma ya karkata ya nufi ƙofa. Abincin shuka daga haske yake, da shi ganye yake haɗa ruwa da iska ya yi abin da jiki zai rayu a kansa. Wadda take cikin duhu ba ta aiki, wadda ba ta aiki ba ta shan ruwa, ruwan da ba a sha ba kuwa a tukunya yake kwana. Ƙwan lantarki na falo, ko da ana samun wuta dare da rana, bai kai ko kusa da abin da take bukata ba.

Wurin da ya fi dacewa da ita kusa da tagar gabas ne, inda za ta sha hantsi, ko kuwa baranda mai sarari. Da yake Yola tana wajen digiri 9 ne arewa da tsakiyar duniya, rana takan karkata kudu tun daga Satumba har Maris, ta koma arewa cikin Mayu da Yuni da Yuli, saboda haka tagar da ta yi haske a hunturu tana iya zama inuwa da damina, mai lura sai ya riƙa matsar da tukunya. Ya kuma riƙa juya ta kaɗan-kaɗan don kada ta karkace. Amma a yi hattara da gaggawa: yukar da ta yi watanni a duhu, in aka fitar da ita rana tsaka cikin Afrilu, lokacin da zafin Yola yakan haura digiri 40, ganyenta zai ƙone ya yi fararen tabo cikin yini guda. A fara ajiye ta a inuwar bishiya ko ƙarƙashin rumfa, a riƙa ƙara mata rana sannu sannu har mako biyu ko uku.

Game da yawan ban ruwa, ina roƙon mai karatu kada ya ɗauki ƙa'idar da aka rubuta don mutanen Ingila ko Jamus ya ɗora wa Adamawa. Su damuwarsu sanyi ne da gajeruwar rana. Mu kuwa ɗarinmu, ko a tsakiyar Janairu, bai kai ya cuci yuka ba. Ba a ƙayyade mata rana, ƙasar tukunya ake tambaya: sai rabinta na sama ya bushe sarai sa'an nan a shayar, in an tashi shayarwa kuma a yi mai isa, ba yayyafi ba. Da bazara, a baranda, wannan yana iya zama kowane mako; da damina kuwa, musamman Agusta da Satumba, lokacin da ruwan sama ya fi sauka da yawa, iska ta yi nauyi, bango ma yana danshi, wadda ke cikin ɗaki tana iya yin mako uku ba ta nemi komai ba. Ta waje a ɗaga ta a kan bulo, a kawar da ita daga bakin indararo. Mutanen unguwannin bakin kogi, waɗanda suka ga ambaliyar 2012 da ta 2022, sun san yadda ruwa yake kwanciya a tsakar gida, tukunyar da ta kwana biyu a cikinsa kuwa sai an tone ta an duba. Da hunturu kuma wata fitinar ce: ƙura takan lulluɓe ganye ta tare masa haske, sai a riƙa goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, ba da mai ba.

Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse yana da gishiri-gishiri, alamarsa farin ɓawo a bakin tukunya da saman ƙasa, da ƙonewar tsinin ganye. Takin zamani in ya yi yawa haka yake yi. Maganinsa a kankare ɓawon, a wanke ƙasar da ruwan sama mai yawa ya ratsa ya fice. Ruwan da yake ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ba shi da wannan gishiri, ana iya tara shi don shayarwa, amma iskar na'urar kada ta riƙa bugun ganye kai tsaye. Shuka marar lafiya kuwa ba a ba ta taki ko kaɗan sai ta warke.

To idan bincike ya tabbatar ruɓa ce, jinkiri ba shi da amfani. A shimfiɗa buhu a inuwa, a kwantar da tukunyar, a bubbuga gefenta a zaro itaciyar da ƙasarta, a kakkaɓe. Lafiyayyar saiwa tana da ƙarfi, launinta fari ne ko ja-ja mai haske, in an ja ta ba ta tsinkewa da sauƙi. Ruɓaɓɓiya kuwa baƙa ce ko ruwan ƙasa mai duhu, tana da santsi da wari, in aka murza ta sai fatar ta zame ta bar wani siririn zare a hannu. A sami wuƙa mai kaifi, a gasa bakinta a wuta ta huce, a yanke duk wadda ta lalace ba tare da tausayi ba, domin kaɗan da aka bari ita za ta harbi saura. A barbaɗa garin gawayi a kan yankan, a jingine itaciyar a inuwa mai iska kwana ɗaya ko biyu har miki ya bushe. Tsohuwar ƙasar a zubar da ita, tukunyar a wanke ta a shanya a rana. Sa'an nan a dasa a sabon haɗi, zurfin kada ya wuce na da, a tokare kututturen da duwatsu don kada ya yi rawa, a kuma yi haƙuri kamar mako guda kafin a ba ta ruwan farko. Ganyen da ya riga ya karye ba zai miƙe ba, a rage shi. Alamar warkewa a tsakiyar tuntu ake dubanta, ranar da sabon ganye ya leƙo a miƙe.

Ko da ruɓar ta hau kututture, ba a fid da rai. A sa zarto a yanke sama da inda ya yi taushi, a duba fuskar yankan: in akwai baƙin tabo ko zobe mai duhu a ƙara hawa a sake yanka, har a kai inda ciki ya yi fari tas. Wannan guntu na sama a bar shi kwanaki a inuwa ya ƙame, a kafa shi a yashi mai ɗan danshi, a kula kada a juya shi, gefen da yake ƙasa shi zai koma ƙasa. Cikin 'yan makonni, musamman in an dace da farkon damina, zai fitar da saiwa. Tsofaffin masu lambu sukan ce wa mai saye, "Hajiya, ki manta da ita, ita za ta neme ki," maganarsu kuwa tana kan hanya, domin tone-tone don a ga ko ta yi saiwa shi yake karya sababbin da suka fara fitowa.

Ƙwari ba su cika damun yuka ba, sai dai wadda ta riga ta yi rauni. Akwai wasu farare masu kama da ɓarɓashin auduga da suke ɓuya a hammatar ganye suna tsotse ruwansa, akwai kuma wasu ƙanana ƙwarai masu saƙa siririn yana a bayan ganye lokacin bushewar hunturu. A goge su da ruwan sabulun salo marar ƙarfi, ko a daka 'ya'yan darbejiya a jiƙa su kwana a tace a fesa da yamma, a maimaita bayan mako. Wadda ta fi su ɓarna a wurinmu gara ce, tana shiga ta hujin tukunyar da aka ajiye a kan ƙasa, ɗanyen kashin shanu kuwa gayyatarta yake yi. A sani kuma jikin yuka yana da wani sinadari mai kumfa, wanda mutanen Amurka na asali suke wanka da wanki da shi daga saiwar wasu jinsunan, yana sa kyanwa da kare amai in suka tauna ganyen. Akwai kuma wani jinsi mai suna Yucca aloifolia, wanda tsinin ganyensa yake da kaifi ƙwarai, yana iya tsone idon yaro. Wannan ba na cikin ɗaki ba ne sam, na tsakar gida ma a datse masa tsini.

Wani zai ce me ya kai mu ɓata tawada a kan itaciyar da ba a cin 'ya'yanta, ba a shan inuwarta? Amsata ita ce, duk abin da mutum ya raba shi da ƙasa da ruwan sama ya tsare shi a tukunya, to ya zama amana a wuyansa, tun da ba shi da ikon neman abinci sai abin da aka ba shi. Shari'a ta kwaɗaitar da mu dasa itace, ta kuma hore mu a kan israfi da ruwa, har an ruwaito hani a kan ɓarnatar da shi wajen alwala ko da mutum yana bakin kogi mai gudu. Mu da muke zaune a gaɓar Binuwai, muke kuma sayen ruwa a hannun 'yan garuwa da bazara, mun fi kowa cancantar mu ji wannan horo. Ruwan da ake kwarara wa yuka kullum ɓarna ce biyu, an yi asarar ruwan, an kuma halaka abin da aka zuba wa.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in ɗakinka ba shi da tagar da rana take leƙowa, kada ka sayi yuka, ko da mai sayarwa ya rantse maka za ta zauna. In kuwa ka riga ka saya, ka jira farkon damina ka fitar da ita ka dasa a tsakar gida, a wuri mai tudu inda ruwa ba ya kwanciya, nesa da inda yara suke wasa. Kusurwar da ta bari ka sa mata moda, wadda take tamu ce ta gida, tana jure ƙarancin haske fiye da yuka, ita ma kuma kada ka ba ta ruwa sai ƙasarta ta bushe.